Tafintan rijiya

Ina gaida ƴan garka na kwarin Gulbin Maraɗi, da na Tasawa, da Mirya, da Galmi, da duk inda ake ban ruwa a wannan rani.

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san halin watan Maris. Sanyi ya tafi, iska ta bushe, albasa na neman ruwa safe da marece, ita kuwa rijiya ta fara rowa. Injin da ke aiki lafiya tun Disamba sai ka ji ya soma tari, tiyo na tofar da iska maimakon ruwa. Daga ranar nan kuma ake fara kallon juna da gefen ido.

Abin da ya faru ke nan bana a wata ƙungiyar ƴan garka da kawuna ke riƙe ma kuɗi. Mutum goma sha ɗaya ne, rijiyar siminti guda, inji guda, kowa da ranarsa, isansi kuma karo-karo. Da ruwa ya fara yankewa tun hantsi bai yi zafi ba, sai aka rabu biyu. Wasu suka ce rijiya ce ta gaji, a tara kuɗi a kira masu yasa su ƙara mata zurfi. Wasu suka ce ina, bara warhaka ai tana kai mu kusan azahar, akwai dai mai tada inji da dare yana shayar da nashi fangulan. Ba a kira suna ba, amma kowa ya san wanda ake nufi, don mutum ɗaya ne ke kwana a garkar: wani saurayi da ke tsaron dabbobi kada su shiga, wanda fangulansa ke dab da bakin rijiya, albasarsa kuma ta fi ta kowa kyau. Wurin da nisa da gari, injinan maƙwabta ma na kuka da dare, ba ka bambance na wane ne. Ƙarin nauyin maganar, an riga an kai kuɗin auren yaron a gidan ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyar.

Ni gyaran waya da haɗa pano nake yi cikin gari, na kuma ɗan taɓa karatun lantarki. Kawu ya same ni a rumfa ya ce, "Kai ɗana, kai da kake ta haɗa wayoyi, babu wani abin da za a sa ma rijiyar ga ta faɗi gaskiya da bakinta?" Na ce, "Akwai, Kawu. Sai dai ba Hausa take ji ba, sai an sa mata tafinta."

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko wani ƙarfe ne mai doguwar waya, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, wanda masu faransanci ke ce ma kaptar. Ana zura shi cikin rijiya, shi kuma yana jin nauyin ruwan da ke bisa kansa. Nawa an yi shi ne don ruwa mai tsayin mita 5. Bai san lamba ba, bai san santimita ba. Abin da ya iya kawai shi ne ya bar kuran ya bi ta cikinsa, kaɗan ko da yawa: in yana waje a bushe, miliampa 4; in ruwa ya kai mita 5 a kansa, miliampa 20. Ku riƙe 4 ɗin nan, za mu dawo kanta.

Na biyu ɗan allo ne da bai cika tafin hannu ba, Arduino Uno. An fara yin Arduino a 2005 a garin Ivrea na ƙasar Italiya don ɗalibai su samu abin koyo mai araha, yau kuwa kwafinsa na Sin ya cika duniya. Shi ma ba ya jin miliampa. Bolt yake ji, daga 0 zuwa 5, ya yanka shi gida 1024, ya ba ka lamba tsakanin 0 da 1023. Don haka tsakanin ƙarfen da allon sai an sa ƴar rezistans da za ta juya kuran ya koma bolt. Littattafai sukan ce a sa om 250, amma abin da ke cikin gwangwanin kowane mai gyaran rediyo om 220 ce, ita na sa. Da ita miliampa 4 ke zama bolt 0.88, allo ya ce 180. Miliampa 20 ta zama bolt 4.4, allo ya ce 900. Tsakanin 180 da 900 taki 720 ne, a raba ma mita 5, kowace mita ta samu 144, kowane taki kuma kusan milimita 7. Ga rigimar ƴan garka wannan ya isa har ya yi yawa.

Sauran tarkace: ɗan agogo mai suna DS3231 da ke da ƙaramin batirinsa irin na agogon hannu, da katin ajiya irin na waya, da batiri mai bolt 12 da ƙaramin pano, da wani ɗan abu da ke ɗaga wuta zuwa bolt 24 don ƙarfen ya ƙoshi. Duka cikin akwatin roba, a inuwa, don zafin Afrilu na Maraɗi da ke wuce digiri 40 ba ya ragawa kowa. Cikin wayar ƙarfen akwai wani siririn tiyo da iska ke bi, wanda ke sa nauyin iskar sama bai shiga lissafi ba. Bakinsa na ɗaure shi da ƙyallen gidan sauro, don na san zanzaro, duk rami da ya gani gidansa ne.

To, duk wannan haɗa waya ne, yini ɗaya ya ishe shi. Inda aikin yake shi ne rubuta ma allon umarni, da rubuta wani umarnin a kwamfuta wanda zai yi magana da shi. A nan nake so mu daɗe.

Kakanninmu sun san tafintan zamanin Nasara. Kumandan ya yi magana, tafinta ya juya, talaka ya ce to, ba shi da hanyar sanin ko abin da aka faɗa ke nan. Mai rubuta ma na'ura umarni a wannan kujerar yake zaune. Rijiya ta ce 612. Ni ne zan ce 612 na nufin mita 3 na ruwa. Ni ne zan zaɓi lokacin da za a tambaye ta da lokacin da za a ƙyale ta, da abin da za a rubuta da abin da za a zubar. Mutane kuwa in sun ga lamba ta fito daga kwamfuta sai su ɗauka daga sama ta sauko. Ba daga sama ba ne. Wani ne ya zauna ya yanke shawarwari, kowace kuma tana iya wanke mutum ko ta shafa mashi kashin kaji.

Ɗauki tambayar farko: sau nawa za a auna? Wanda ke son sanin halin ruwan ƙasa daga shekara zuwa shekara, sau ɗaya a yini ma ya ishe shi. Amma mu ƙara aka kawo. In na ce ma allon ya auna kowace awa, mutum na iya tada inji ƙarfe biyu da minti biyar na dare, ya kashe da rabi, kafin ƙarfe uku ruwa ya ɗan dawo, takarda ta fito kusan fes. Mai zargi zai ce an ɓoye, kuma yana da gaskiya. Sai na sa kowane minti 5. Layi 288 ke nan a kwana ɗaya, 4032 a sati biyu. Ba inji da za a tada a kashe cikin minti 5 ya shayar da fangali ko ɗaya.

Kuma a kowane awo ba sau ɗaya allon ke tambaya ba. Ruwan rijiya ba ya tsayawa cik. Guga ya faɗa, kwaɗo ya yi tsalle, inji na girgiza tiyo, wayar kanta na kwaso ƴar hayaniyar lantarki. Na sa ya karanta sau 21 a jere, ya jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, ya ɗauki ta tsakiya. Na fi son ta tsakiya da a tara a raba, don in lamba ɗaya ta haukace ta ce 1000, tarawa da rabawa za ta ja sauran ta ɓata su, ita kuwa ta tsakiya ko a jikinta.

Wajen juya lamba zuwa santimita akwai wani rami da nake so ƙannenmu masu koyo, na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da na lise-lisen fasaha, su sani. Lissafin kansa mai sauƙi ne: ka cire 180, ka ninka da 500, ka raba da 720. Amma ƙwaƙwalwar Uno ƙarama ce, ma'ajin lamba na yau da kullum a cikinta ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Ninka 432 da 500 ka gani, 216,000. Allon ba zai yi kuka ba, ba zai ce maka ya cika ba. Zai zubar da abin da ya yi yawa ya miƙo maka wata lamba da fuska a sake, wani lokacin har da alamar ragi, kamar rijiya na bin ka bashin ruwa. Sai ka gaya mashi tun farko ya yi lissafin cikin babban ma'aji. Na'ura ba ta ƙarya da gangan, amma ba ta jin kunyar faɗin shirme.

Saboda irin wannan ne na sa kowane layi ya ɗauki abu huɗu: kwanan wata, lokaci, ɗanyar lambar da rijiya ta faɗa, sannan fassarata ta santimita. Ɗanyar lambar ita ce maganar kumandan kafin tafinta ya taɓa ta. Duk wanda bai yarda da ni ba, ya ɗauki biro ya sake lissafin da kansa.

Yanzu mu koma kan 4 ɗin nan. Me ya sa waɗanda suka tsara irin wannan ƙarfe ba su fara daga sifiri ba? Don a bambance rijiyar da ta ƙafe da wayar da ta tsinke. In ruwa ya ƙare ƙaf, ƙarfen na nan da rai, yana aiko da miliampa 4, allo na ganin 180. In kuwa allo ya ga 0, ba rijiya ce ta ce babu ruwa ba, bakinta aka toshe. Wallahi duk cikin aikin lantarki ban ga dabarar da ta burge ni kamar wannan ba. Sai na rubuta cikin umarnin cewa duk lambar da ta gaza 150 kada a fassara ta, a rubuta SHIRU a gurbin santimita. Na kuma sa allon ya buɗe fayil, ya rubuta layinsa, ya rufe, kowane minti 5, don in batiri ya mutu fayil na buɗe, abin da bai kai ga kati ba ya tafi ke nan. Lokaci kuma daga ɗan agogon nan ake ɗaukarsa. Allon na da nashi ƙidayar, amma duk sanda aka kunna shi daga sifiri take farawa, in ma ba a kashe ba bayan kusan kwana 50 sai ta cika ta koma farko. Shaidar da ba ta san ƙarfe nawa ba, wace shaida ce?

Ɓangaren kwamfuta ya fi gajarta, amma shi ke sa masu koyo su yi zuciya su watsar. Ana haɗa su da wayar USB, kwamfuta ta ba allon wata ƙofa mai suna COM da lamba. Yawancin kwafin da ke zuwa mana na ɗauke da wani ɗan guntu, CH340, wanda sau da yawa sai ka sa ma Windows manhajarsa kafin ta gane akwai baƙo a ƙofa. Sannan su biyun dole su yarda da saurin magana ɗaya. Na sa 9600 nan, 9600 can. In suka saɓa, abin da zai fito maka a fuska sai ka rantse rubutun aljanu ne. Wani halin Uno kuma, da zarar kwamfuta ta buɗe ƙofar sai ya farka daga farko kamar an watsa mashi ruwa, don haka umarnina na jira daƙiƙa biyu kafin ya ce mashi uffan. Da harshen Python na rubuta shi, layukan ba su kai sittin ba. Yarjejeniyarsu harafi uku ce: in kwamfuta ta aika A, allo ya faɗi awon yanzu, in ta aika K, ya karanto duk abin da ke cikin kati, in ta aika S da lokaci, ya saita agogo. Shi ke nan hirar tasu.

Akwai wani ƙaramin abu da ya shafe mu nan Nijar musamman. Kwamfutocinmu da faransanci suke zuwa, Excel na faransanci kuwa waƙafi yake sa wa a tsakiyar lamba, ba ɗigo ba. Allon zai rubuta 2.35, Excel ya ɗauke shi rubutu ne ba lamba ba, ka nemi zane ka rasa. Maganinsa kada ka ba shi abin da zai yi gardama a kai: santimita cikakkiya nake rubutawa, 235, tsakanin abubuwan kuma ɗigo mai waƙafi.

Kada wani ya ce mu muka ƙirƙiro wannan. Manyan ma'aikatu da shi suke aiki, da kayan da suka fi nawa tsada da ƙwari nesa ba kusa ba. Kamfanin Campbell Scientific na Amurka na yin akwatunan awo da ake gani a tashoshin yanayi, da nasu harshen umarni. National Instruments na da manhajar LabVIEW tun 1986 don a yi ma irin waɗannan na'urori magana. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, aikinta tattara awon ruwa da yanayi da noma na ƙasashen Sahel. Kuma awo kan ba da kunya ga zato. A yankin gabas da Yamai, masu bincike da suka shafe shekaru suna auna rijiyoyi sun tarar cewa, duk da farin shekarun 1970 da 1980, in an haɗa lissafin shekaru ruwan ƙasa hawa ya yi. Dalili, an sare daji an maida shi gona, ruwan sama na gudu ya taru a tafkuna, daga can ya nutse ƙasa. Wa zai yarda da haka in ba an auna ba? Wancan yankinsu ne da irin ƙasarsu, ba kwarin gulbinmu ba, amma ya isa ya sa mutum ya rage saurin rantsuwa a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Ranar da na kai akwatin garka, wani dattijo daga cikin masu zargin ya tare ni tun ban sauke kaya daga mashin ba. Ya ce, "Yaro, tsaya. Wanga abu ba kai ka rubuta mashi abin da za shi faɗi ba? Kawunka na cikin masu son a yashe rijiya. In ya wanke wancan yaron, mi za ya hana mu ce kai ka wanke shi?"

Wasu sun ji haushin maganar, ni ban ji ba. Ita ce tambaya mafi kyau da aka yi mani a duk aikin. Na ce, "Baba, gaskiyarka. Ka kawo igiyarka, ba tawa ba."

Ya kawo igiyar gugansa. Muka auna ta da mitar magina a gaban kowa, shi da kansa ya ƙulla ta a kowace mita. Muka ɗaure ƙarfen a bakinta. Yana waje a bushe na aika A, allo ya ce 183. Ya zura shi har ƙullin farko ya taɓa ruwa, 326. Na biyu, 470. Ba daidai da lissafin takarda ba, kuma haka ya kamata, don rezistans ɗin kasuwa ba ta cika om 220 cif. Sai na gyara lambobin umarnin suka bi igiyarsa, a gabansa, da batirin garkar a haɗe, saboda in wutar da allon ke ci ta canja awonsa ma na canjawa. Daga nan na juya ma rijiya baya, ya zura ƙarfen yadda ya ga dama, ya ce in faɗa. Na ce mita ɗaya da santimita 62. Ya jawo, ya auna jiƙaƙƙen wurin. Ya sake, na sake. A karo na uku bai ce komi ba, ya dai ciro kwaɗonsa daga aljihu ya kulle akwatin, ya tafi da makulli. Ƙarfen muka rataye shi cikin tiyon roba, sama da laka, yadda ba zai motsa ba.

Bayan sati biyu aka taru a gindin mangwaro, ya buɗe, na haɗa, na aika K. Na maida layukan zane guda, na juya masu fuskar kwamfutar.

Kwana goma sha huɗu kamar haƙoran zarto. Da asuba ruwa na santimita 310 bisa ƙarfen. Ƙarfe shida da rabi a tada inji, layi ya gangaro kamar an tura shi daga bisa tudu, kafin ƙarfe tara ya iso bakin tiyo. Sannan hawa: da sauri da farko, cikin awa biyu kusan rabin ruwan ya dawo, daga nan ya riƙa rarrafe, taƙin ƙarshe sai tsakar dare. Tsakanin lisha da asuba kuwa, dare goma sha uku, layin sumul yake, ko ƙwarzane babu. Ba sai na fassara wannan ba. Mutanen da ba su taɓa riƙe biro ba sun gane shi kafin in buɗe baki, don sun ga yadda tada inji ke kama da safe, sun nemi irinsa da dare sun rasa.

Saura dare na tara. Daga ƙarfe ɗaya da minti goma zuwa biyu saura minti goma, layi takwas a jere, SHIRU.

Nan fa wuri ya ɗauki zafi. Saurayin ya riga ya faɗa tun washegarin ranar cewa jakin maƙwabci ya tsinke, ya bi ta bakin rijiya ya fizge waya daga maƙalarta a bayan akwati, shi kuma ya nemo toci ya maida ta. A lokacin an ji an yi shiru. Yanzu sai wani ya ce, "Ah to. Ka cire waya, ka sha ruwanka, ka maida." Da a ce umarnin ya fassara 0 ɗin nan zuwa santimita, zanen zai nuna rijiya ta faɗi ƙasa warwas da tsakar dare, ƙasa ma da inda inji ke kai ta, kuma ban ga bakin da zai iya wanke yaron ba. Amma gurbi ne kawai a zanen. Na ce su dubi lamba ta ƙarshe kafin shirun, 297, da ta farko bayansa, 299. Na ce su dubi kowace safiya, minti 40 na inji nawa yake ci. Ya fi santimita 80. Rijiyar da aka zuƙe haka ba ta komawa inda take cikin ƙiftawar ido, mun ga da idonmu awoyi take ɗauka. Dattijon nan ya matso, ya sa yatsa a fuskar kwamfutar ya bi layin daga wannan gefen gurbin zuwa wancan. Ya ce, "To. Mun gani."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni a ganina yaron ya cancanci fiye da haka, a gaban mutanen da aka ɓata shi. Amma ni ba ɗan ƙungiya ba ne, kuma Kawu ya harare ni, na kama bakina. Albasarsa kuwa, wanda duk ya duba zai ga mahaɗin tiyo na ɗiga daidai kan fangulansa tun farkon rani, ga shi kuma yana kwana yana tashi a kansu.

Masu son yasa ma ba su tashi da cikakkiyar nasara ba. Zanen ya nuna rijiyar ba ta mutu ba, inji ne ya fi ƙarfin idonta: yana ja fiye da abin da take kawowa. Ya kuma nuna ta fi kawo ruwa lokacin da take ƙasa, in ta kusa cika sai ta yi kasala. Wato tsarinsu na a zuƙe ta sau ɗaya da safe a bar ta har gobe, asarar awoyinta masu albarka ne. Aka maida ban ruwan kashi uku, da sassafe, da bayan azahar, da gab da magariba, aka rage ma injin wuta. Tun daga nan tiyo bai sake shan iska ba, ko da yake masu rabon azahar na ƙorafin rana, kuma suna da hujja.

Abu ɗaya dai na gefen Kawu: ruwan asuba da ya fara da 310, ranar ƙarshe 296 yake. Santimita 14 cikin sati biyu, ba hannun kowa, rani ne ke tafiya da shi, ga rijiyoyin maƙwabta duka a tabarma ɗaya suke sha. Ko zai kai su girbin albasa ba tare da yasa ba, lissafi ya ce zai kai da ƙyar. Ƙungiya ta ajiye maganar kuɗin sai an ga inda damina za ta maido shi.

Akwatin na can har yanzu, makulli na hannun dattijon. Na maida awon kowane minti 15, tunda yanzu ba mutum ake tsaro ba, na kuma binne wayar cikin tiyo saboda jakuna. Ran Juma'ar farko ta kowane wata nake zuwa in kwashe layukan, shi kuma ya zo da igiyarsa mu gwada, don irin wannan ƙarfe yakan ɗan kauce in ya daɗe cikin ruwa. A gwajin da ya wuce sun saɓa da santimita 2. Ɗalibin da ke son umarnin, na allo da na kwamfuta, ya yi magana a ƙasa in tura mashi. Sai dai lambobin 183 da 326 na rijiyarmu ne da rezistans ɗinmu, nashi sai ya nemi igiya ya auno.